Jama'ar Gefen Dam Ɗin Tiga, Mu Nemi Rigar Ruwa Kafin Mu Shiga Kwale-Kwale

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana talakawa mazauna gefen Dam ɗin Tiga, da sauran jama'ar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ka yi mini haƙuri idan wasiƙar ta yi tsawo. Ni ba ɗan boko ba ne, iyakar karatuna firamare, sana'ata noma da ɗan tireda na bin kasuwannin ƙauye. Amma abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, ni ne ruwa ya kusa cinyewa, Allah ya yi da sauran kwanana a gaba.

Dalilin rubuto wannan wasiƙa shi ne maganar rigar ruwa, wato rigar nan mai launin ruwan lemo da ake sanyawa a ɗaure a ƙirji, wadda ke hana mutum nutsewa idan jirgi ya kife. Ra'ayina a taƙaice shi ne, kada wani ya ƙara shiga kwale-kwale a yankinmu ba tare da ita ba, mai fito ne ko fasinja ko masunci, kuma kada mu zauna jiran gwamnati ta kawo mana, mu fara nema da kanmu tun yanzu.

Kowa ya san albarkar da Dam ɗin Tiga ya kawo mana. An gina shi tsakanin 1971 da 1974 a zamanin marigayi Audu Baƙo, Allah ya jiƙansa, aka tare Kogin Kano da shi. Da ruwansa ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, daga cikinsa ake kamo karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da muke ci muke sayarwa. Ni a kan wannan ruwa na buɗe ido. To amma ruwan da ya kawo arziki shi ne kuma ya raba ƙauyuka da gonakinsu da kasuwanninsu. Wurin da za ka tsallaka cikin ɗan lokaci a kwale-kwale, idan ka ce za ka zagaya ta hanya sai ka kashe rabin yini da kuɗin acaɓa mai yawa. Shi ya sa dole muke shiga jirgi, ba don marmari ba.

A daminar 2019, cikin watan Agusta, na taso daga kasuwa bayan la'asar tare da mutanen ƙauyenmu. Jirgin da muka samu na katako ne, idan an yi adalci mutum goma zai ɗauka. Mu kuwa mun kai goma sha bakwai, ga buhuna, ga akuya biyu, ga babur an kwantar a tsakiya. Da na miƙa hannu gefen jirgin sai na ga tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce yatsa huɗu ba. Hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas. Wani dattijo ya ce a rage mutane ko a jira hadarin ya wuce, sai aka yi masa caa, wai yana yi wa jama'a mugun baki. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi shiru, domin ina gudun dare ya yi mini a waje. Wallahi har gobe wannan shirun yana damuna.

Mun wuce tsakiya kenan iska ta taso. Igiyar ruwa ta fara zubowa cikin jirgi, yaron mai fito yana kwarfewa da ƙwarya amma abin ya fi ƙarfinsa. Wata baiwar Allah ta firgita ta miƙe tsaye, sai kowa ya karkata gefe guda, babur ya zame ya bi mu. Kafin ka ce kwabo jirgi ya kife. Ni na ɗan iya iyo tun ina yaro, amma ranar ban ga amfaninsa ba, domin rigata ta jiƙe ta naɗe mini ƙafa, na sha ruwa, idona ya rufe. Abin da ya cece ni bayan ikon Allah shi ne jarkar man gyaɗa da na sayar da man cikinta, babu kome a ciki kuma murfinta a rufe. Ita na ci karo da ita na rungume, har masunta suka iso da jiragensu.

Mutum uku muka rasa a ranar: wata tsohuwa, da wani yaro da bai wuce shekara tara ba, da maƙwabcina wanda katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Shi wannan maƙwabci nawa masunci ne ɗan masunci, duk ƙauyenmu babu wanda ya kai shi iya ruwa. Ya fitar da mutum biyu ya kai su jikin jirgin da ya kife, ya koma na uku, sai mutum biyu suka ƙanƙame shi lokaci ɗaya, suka yi ƙasa tare. Su an samu an ceto su, shi kuwa sai washegari aka ga gawarsa. Ya bar mata da 'ya'ya biyar. Abin da ya fi ba ni takaici, daga inda muka kife muna hango mutane a bakin gaɓa, muna jin salatinsu. Masunta ba su yi minti ashirin ba suka iso. Da kowa na da abin da zai riƙe kansa a saman ruwa na wannan ɗan lokaci, da jiƙewa kawai za mu yi da asarar kaya.

Namu bai shiga rediyo ba, amma jama'a ba su manta da abin da ya faru a Bagwai ba, a nan cikin jiharmu ta Kano. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 da yamma, jirgi ya taso daga Badau zai tsallaka Dam ɗin Watari zuwa Bagwai, ya kife da mutane. Yawancinsu yara ne 'yan makarantar Islamiyya da za su wajen Mauludi. Zuwa washegari an fitar da gawa 29, kuma hukumomi sun ce lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Gwamnan wancan lokaci, Dakta Abdullahi Umar Ganduje, ya dakatar da fito a wurin. Duk wanda ya ga yadda aka jera gawarwakin yaran nan ya san ba ƙaramin rashi aka yi ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. To mu a Tiga wane ruwa muka shafa?

Ba a Kano kaɗai ba. A watan Mayu 2021 jirgi ya tsage a Kogin Kwara kusa da Warra ta jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150, yawancinsu masu neman abinci irina. A watan Yuni 2023 a Patigi ta jihar Kwara, mutum fiye da 100 suka rasu suna dawowa daga biki da dare. A watan Satumba 2024 a Gummi ta jihar Zamfara, manoma ne za su gona jirgi ya kife da su. A watan Oktoba na shekarar, a ƙaramar hukumar Mokwa ta jihar Neja, masu Mauludi ne suka gamu da nasu da dare. A watan Agusta 2025 kuma, masu zuwa cin kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato. Duba da kyau, Malam Edita: 'yan kasuwa, manoma, 'yan biki, ɗalibai. Duk irinmu ne. Kuma kusan labarin iri ɗaya ne kullum: lodi ya yi yawa, ko tafiyar dare, ko tsohon jirgi, sannan babu rigar ruwa. Na ji a rediyo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne ruwa ke ci a duniya a shekara, kuma yara ƙanana na da yawa a cikinsu.

Na san abin da wasu za su ce, domin a majalisarmu an sha faɗa mini. Na farko, wai ajali ne, idan kwana ya ƙare ko riga goma ka sa sai ka tafi. Wannan gaskiya ne, ni ma Musulmi ne, na yi imani babu wanda zai wuce lokacinsa. To amma ina tambaya: me ya sa muke kulle shago da kwaɗo idan za mu tafi gida? Me ya sa muke zuba wa wake magani kafin mu ajiye shi, muke kai shanu allurar rigakafi, muke ɗaure jinka kafin iskar bazara? Ashe a kan dukiya mun yarda da yin dabara, sai a kan rai ne za mu ce ajali? Malamanmu sun koya mana cewa dogaro ga Allah yana tafiya ne tare da yin sababi, kuma rai amana ce a hannunmu. Wanda ya ga jirgi ya cika maƙil, ya ga hadari, ya shiga da 'ya'yansa hannu rabbana, kada ya ɗora wa ƙaddara gangancinsa.

Na biyu, masu cewa sun iya ruwa, musamman 'yan'uwana masunta. Hausawa sun ce gwanin ruwa shi ruwa kan ci, ni kuwa na gani a kan maƙwabcina. Iyo a bakin gaɓa da gajeren wando daban, faɗawa tsakiyar dam da kaya a jiki cikin iska daban. Jirgi na iya bugun kanka lokacin da zai kife ka suma. Jijiyar ƙafa na iya ɗaurewa, balle da asubar hunturu lokacin da ruwa ke da sanyi kamar ƙanƙara. Taru ko koma na iya naɗe maka ƙafa, ƙugiya na iya kama rigarka. Ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye a ƙasa, waɗanda ba a ganinsu sai jirgi ya hau kansu. Sannan wanda ke nutsewa ba ya cikin hankalinsa, ko ɗanka ne zai danne ka ya hau kanka don ya shaƙi iska. Mai riga a jikinsa ko an riƙe shi ba zai yi ƙasa da sauƙi ba, kuma shi ne ma zai iya ceton wani.

Akwai kuma masu taƙama da maganin ruwa da layu da suka gada. Ni ban zo in yi jayayya da gadon kowa ba, kowa ya san abin da ya taka. Iyaka dai ina cewa, ka riƙe naka, ka ɗora riga a kai. Ba mu taɓa jin an ce riga ta karya wa wani asiri ba, amma mun sha zuwa jana'izar masu taƙama.

Na uku, maganar kuɗi. Wannan ita ce hujjar da na fi jin nauyinta, domin na san halin da ake ciki, mai fito da abin da ya samu yau yake cefanen yau. Amma ni na je Kano na sayo, kuma ina shaida wa jama'a cewa riga ɗaya ba ta kai kuɗin buhun taki ɗaya ba. Buhun taki damina ɗaya yake yi ya ƙare, riga kuwa idan an kula da ita tana shekaru. Wayar da ke aljihun yawancin samarinmu ta fi ta tsada. Abin da muke kashewa a zaman makoki na kwana uku da sadakar bakwai ya sayi riguna da dama, ban da ɗawainiyar marayu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa nake ganin ba mutum ɗaya za a bar wa nauyin ba.

Ga shawarata. Masu fito na kowace mashiga su haɗa kai su yi ƙungiya a ƙarƙashin Sarkin Ruwa ko mai unguwa. A ɗora ɗan abu kaɗan a kan kuɗin fito, a sanar da jama'a cewa na riga ne, a riƙa tarawa a hannun amintacce, duk ƙarshen wata a sayo abin da ya samu. Mu 'yan tireda da muke adashi, a ware kwasa ɗaya don wannan. Masunta su ma idan kasuwar kifi ta yi kyau su ware nasu. A rubuta lamba a jikin kowace riga, a ajiye su a rumfar mashiga, fasinja ya karɓa a wannan gaɓa ya miƙa a waccan. Wannan ma zai yi maganin lodi: jirgin da ke da riga goma, mutum goma zai ɗauka, na sha ɗaya ya jira sawu na gaba. Babu rigima, babu jin kunyar ido, riga ce ta ƙare.

Na huɗu, masu cewa tana da zafi, ko tana wari don mutane da yawa na sawa, ko wai mutum zai zama abin dariya kamar matsoraci. Zafin rabin awa ne fa. Wari kuwa sabulu da ruwa ne maganinsa, ga ruwan nan a gabanmu. Maganar dariya kuma, ranar da na fara sa tawa har waƙa yara suka yi mini, wani ya ce ga ma'aikacin titi ya zo. Na ce na ji, ku yi dariyarku, ni na san abin da na gani a ƙarƙashin ruwan nan. Yanzu a cikin masu dariyar akwai wanda ke aiko ɗansa ya ari tawa idan matarsa za ta tsallaka zuwa awo.

Tunda na yi maganar saye, bari in faɗi ɗan abin da na koya don kada a cuci mutum. Rigar kirki a cikinta akwai wani irin soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, shi ke ɗaga mutum. Ka matsa shi da hannu, idan ya lotse bai dawo ba ko ya rududduge, ta mutu. Ka duba ɗinkin da igiyoyin da maɓallan, ka ja su da ƙarfi. Mai abin wuya ta fi, domin tana tallafe kai. A nemi mai launi mai haske da za a hango daga nesa, idan da usur a jiki ya fi kyau. Kada a ruɗe da 'yar shara-sharar rigar nan mai walƙiya ta masu aikin hanya, wannan ba ta ɗaga ko kaza. Kuma riga sai an ɗaure ta tamau take aiki. Wadda aka rataya a kafaɗa ko aka zauna a kanta, da jirgi ya kife za ta yi nata wuri ka yi naka. Yaro a nema masa daidai jikinsa, domin ta babba zamewa zai yi ta ƙasa ya fita, idan tana da igiyar da ake zagayowa ta tsakanin ƙafafu a ɗaura masa. Bayan an yi amfani da ita a shanya a inuwa, rana na cinye ta. Kafin ka dogara da ita, ka sa ka shiga inda ruwa bai wuce ƙirji ba ka gwada.

Kafin riguna su wadata, kada mu zauna haka nan. Kakanninmu masunta da gora suke shiga ruwa, sun san amfanin abin da ke yawo a sama. Kowane jirgi ya riƙa ɗaukar jarkoki marasa kome, masu murfi a rufe gam, a ɗaura musu igiya ta riƙewa, kada a ɗaure su a ƙasan kaya. Jarka ba ta kai riga ba, domin sai kana cikin hayyacinka za ka riƙe ta, idan hannu ya gaji kuma shi kenan, yaro da tsohuwa ba za su jure ba. Amma ta fi babu, ni shaida ne. A ajiye doguwar igiya da gora ta tuƙi da abin kwarfe ruwa da tocila a kowane jirgi.

Sauran ka'idoji kowa ya san su, bin su ne ba ma yi. Kada a tsallaka bayan magariba. Idan hadari ya haɗo a jira ya wuce, haka idan hazon hunturu ya rufe gaɓa. Kada a haɗa mutane da shanu ko babura a sawu ɗaya, dabba idan ta firgita ba ta san lallashi ba. Kada a miƙe tsaye a cikin jirgi. Masu babbar riga su tuɓe su riƙe a hannu, iyayenmu mata su sassauta goyo su riƙe yaro a gaba yadda ba zai danne a ƙasa ba. Kada a bar yaro ƙarami ya tuƙa fasinja don ubansa ya tafi gona. Jirgin da ke yoyo a fitar da shi a gyara, toshe rami da tsumma ba gyara ba ne. Masunci idan zai fita da dare ko da asuba ya faɗa wa na gida inda ya nufa da lokacin dawowarsa, kuma su fita su biyu ya fi. Idan jirgi ya kife bai nutse ba, a riƙe jikinsa, kada a ce za a yi iyo zuwa gaɓa, domin gaɓa a ido kusa take, a hannu nesa.

Idan kuma ka ga wani yana nutsewa, kada ka yi tsalle ka faɗa sai in babu wata hanya. Miƙa masa gora, ko ka jefa masa igiya ko jarka. Idan an fito da shi ba ya numfashi, a bar al'adar nan ta juya mutum a kife ana danna masa ciki wai a fitar da ruwa, ɓata lokaci ne kuma amai na iya shaƙe shi. Wani ma'aikacin lafiya ya nuna mana cewa a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi ana maimaitawa har taimako ya zo. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo daga baya.

'Yan'uwana na Ƙiru da Doguwa da sauran wuraren da ba su kusa da dam, kada ku ce wannan magana ba taku ba ce. Da damina rafuka na cika su yanke hanya, a riƙa tsallakar da mutane a ƙaramin jirgi ko a kafaɗa. Ga kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasa ko ma'adini ruwa ya taru a ciki, yara na zuwa wanka da kamun kifi. Sau nawa muke jin ma'aikatan kashe gobara na jihar Kano sun je sun ciro gawar yaro daga kududdufi? Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, shiru yake tafiya. Iyaye mu sa ido.

Yanzu sai kira ga hukuma. Akwai hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda ake kira NIWA, kuma dokarta ta wajabta sa rigar ruwa ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima. A shekarar 2025 ma'aikatar harkokin ruwa ta tarayya ta ƙaddamar da rabon riguna 42,000 ga jihohi 12. Wannan abu ne mai kyau, sai dai muna tuni cewa ba masu manyan koguna kaɗai ke shiga jirgi ba, mu na bakin dam ma rayuka ne. Ina roƙon gwamnatin jihar Kano, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai kula da dam ɗin, da shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, su ƙidaya mashigai da jiragen da ke aiki, su taimaka da riguna, su sa mutum a kowace mashiga ranar kasuwa. 'Yan majalisarmu da kansiloli da ke rabon babura da kekunan ɗinki, don Allah a sa rigar ruwa a cikin rabon. Kuma idan an kawo, a damƙa wa masu fito a gaban jama'a, kada a kulle a sito har ɓera ya cinye, kada kuma mu gan su a kasuwa.

Abu ɗaya da nake roƙo kada a yi shi ne a jira sai an yi rashi sannan a ce an hana fito gaba ɗaya. Hani ba ya ɗorewa, domin gona na hayi, kasuwa na hayi, asibiti na hayi. Idan an hana da rana mutane za su koma tsallakawa a ɓoye da dare, wanda ya fi haɗari. Gyara ake so, da hanya mai kyau da gada inda ya yiwu.

Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, maganarku ta fi ta kowa shiga kunnen talaka. Idan dagaci ya ce babu jirgin da zai tashi babu riga, an gama. Limamanmu ku taimaka ku saka wannan a huɗubar Juma'a, musamman gab da damina da watan Mauludi da lokacin bukukuwa. Malaman Islamiyya da na allo, 'ya'yan mutane amana ne a hannunku. Idan za a kai ɗalibai wani gari ta ruwa, a kasa su sawu-sawu da rana tsaka, kowane yaro da rigarsa, idan babu a haƙura ko a zagaya ta hanya komai nisanta. Gara a makara a wajen taro da a taru a gidan makoki.

A ƙarshe ina magana da fasinja irina, domin mu ne masu matsa wa mai fito ya ƙara mutum ɗaya, mu ne masu cewa sauri muke yi. Idan ka ga jirgi ya cika, ka sauka, ko za a yi maka dariya. Idan wani ya ce a rage kaya, ka goya masa baya, kada ka yi shiru irin wanda na yi. Ni yanzu riguna uku gare ni a gida, ɗaya tawa, ɗaya ta mai ɗakina, ɗaya ta yara, da kuɗin buhun masara na saye su. Babban ɗan maƙwabcina marigayi ya gaji sana'ar ubansa, kuma ba ya fita su sai da tasa a jiki, uwarsa ce ta sa masa wannan sharaɗi.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci a Bagwai da Tiga da ko'ina, ya ba iyalansu haƙuri, mu kuma ya kiyaye mu ya ba mu ikon gyarawa, amin.

Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
daga gefen Dam ɗin Tiga,
Ƙaramar Hukumar Bebeji, Jihar Kano.